Saƙo Ashirin da Huɗu

Da hantsi ne, rana ta fara cizo, hadari ya taru gabas tun safe amma ko iska bai kawo ba. Ina zaune gindin aduwa ina gyaran ƙotar hauya, sai na ji moto, wato babur, ya tsaya ƙofar gidanmu. Madam Mu'minat ce, ɗaya daga cikin matan Damagaram masu bincike kan ƴan matan da suka yi haihuwar fari.

Wata goma ke nan da matata Zuhaira ta haihu. Shekarunta goma sha bakwai. Haihuwar ba ta zo da sauƙi ba, kwana biyu tana naƙuda, sai da aka kai ta Damagaram aka yi mata aiki aka ciro yarinyar. Likita ya ce kada ta sake ɗaukar ciki sai bayan shekara biyu, in ba haka ba ɗinkin yana iya buɗewa. A can asibitin Madam ta rubuta sunanta. Ta ce duk mako za a aiko mata da murya ta salula, har saƙo ashirin da huɗu, ana koya mata yadda za ta huta da haihuwa. Zuhaira ba ta da salula, sai ta ba da lambata.

Garinmu, nan ƙasar Gangara, ba a samun rezo, wato layin salula ba ya kamawa, sai an hau tudun bayan rijiya. Da saƙon farko ya zo, na danna. Muryar mace ta ce, "Ƙanwata, wannan maganar taki ce ke kaɗai, ki nemi wurin da ba kowa." Sai na kashe da sauri. Ni ba a tarbiyyantar da ni da sauraren maganar mata ba. Tun daga nan duk mako sai in hau tudu, in danna saƙon ya sauka, in ji gaisuwar, in kashe, in ajiye mata.

Lokacin tana gidansu wankan jego, kuma ta daɗe, wata biyar, saboda ciwon bai warke da wuri ba. Nakan je gaisuwa, in durƙusa a ƙofar gida, surukata ta amsa daga ciki. Da wane baki zan ce ga salula a kai wa ɗiyarku, maganar hutun haihuwa ce? Sau uku ina zuwa da niyya, ina komawa da ita cikin aljihu.

Da ta dawo, na ce mata, "Akwai saƙonki na matan Damagaram." Ta sunkuyar da kai ta ce, "To." Sau biyu ina barin salular kan gado in fita gona. In na dawo sai in tarar da ita inda na bar ta.

Madam ta shigo da fara'arta, na shimfiɗa mata tabarma.

"Malam Sabi'u, ina gwanata? Duk yankin nan namu na Damargu ba wadda ta buɗe saƙo ashirin da huɗu cif sai ita. Wasu ko biyar ba su kai ba."

Zuhaira ta fito daga ɗaki da goyo, ta durƙusa ta gaishe ta. Madam ta amsa, ta dube ta, ta sake dubanta. Sai fara'ar ta tafi.

"Ƙanwata, cikin nan wata nawa?"

"Uku," in ji Zuhaira.

"Ba ki je an yi miki allurar ba? Ai tun a saƙo na biyu aka faɗa, aka ce ga inda za ki je."

"Ban ji ko ɗaya ba, Madam."

Madam ta juyo wurina. Na gaya mata yadda aka yi, na fiddo salular na nuna mata su jere, ko ɗaya bai ɓata ba.

"Kai dai ka iya ajiya," ta ce. "Da awaki na ba ka da yanzu sun cika gari." Ta yi ƴar dariya, amma ba ta kai ko'ina ba. Ta ce da Zuhaira, "Ke kuma me ya hana ki ce ya kunna miki?"

Zuhaira tana duban ƙasa. "Ban iya buɗe ta ba. Kuma na ɗauka ya saurara. Da na ga bai ce komai ba, sai na ce bai yarda ba ne."

"Ni ban yarda ba?" na ce. "Ni da na kwana a tsaye bakin ɗakin aikin? Na ɗauka in kina so za ki faɗa."



Madam ta daɗe tana duban na'urar aikinta da ta ɗora a cinya. Ta ce a ciki gurbi biyu ne kawai, wadda ta ji da wadda ba ta ji ba, kuma na'urar ta riga ta sa Zuhaira cikin waɗanda suka ji. Ta ce za ta rubuta gaskiyar a takarda ta kai, amma ba ta san ko za a duba ba. Ni wannan bai dame ni ba. Na tambaye ta ko akwai saƙon da yake faɗin abin da za a yi yanzu.

"Duk na kafin a ɗauki ciki ne, malam."

"To ɗinkin fa?"

"Wasu suna tsira," ta ce. "Ba zan yi maka ƙarya in ce duka ba. Gobe ku je awo Gangara. In ta shiga wata takwas ku koma kusa da asibiti, kada ku jira naƙuda a nan."

Na raka ta har wurin moto. Da na dawo, Zuhaira tana zaune bakin ɗaki tana ba yarinyar nono. Na zauna nesa kaɗan. Na ce ko in kunna mata yanzu, ni sai in fita. Ta ce in bari, me za su yi mata.

Can sai ta ce, "In aka sake yanka ni ban tashi ba, yarinyar nan ka kai ta wurin innata."

"Ki daina wannan magana."

"Na dai gaya maka."

Ta tashi ta shiga ɗaki. Takalminta yana nan bakin ƙofa, maɗaurin ƙafar hagu ya tsinke, ga shi gobe akwai tafiya a ƙasa cikin yashi har Gangara. Na ɗauka, na samo guntun waya a jikin darni, na huda na ɗaure, na lanƙwasa bakin don kada ya soke ta. Na mayar da shi inda yake. Da ta fito za ta ɗora tukunya, ta zura ƙafa ta wuce madafa.