Irin Doyar Baba Obadiya

…kuma ai doya doya ce. Haka Rufus yake gaya wa kansa, karo na nawa ke nan tun safe? Yana zaune a kujerar baya ta motar Iware, jikin taga, gwiwa ta tokare da kujerar gaba, gumi yana bin gadon bayansa a hankali. Saura mutum ɗaya, in ji ɗan kamasho. Tun ɗazu saura mutum ɗaya. A but ɗin motar akwai buhu, a buhun akwai irin doya da ya saya jiya a kasuwar Jalingo — santala-santala, wallahi sun fi na Baba kyan gani — kuma yau zai dire shi gaban Mama ya ce ga irin Baba nan ya dawo da shi. Zai faɗa. Bakinsa ba zai yi rawa ba. Mutumin da ya shekara goma sha biyar a ofis yana ce wa jama'a oga ya fita alhali oga yana ciki yana cin gyaɗa, ƙarya ɗaya ce za ta gagare shi?

Ta biyu dai. Ta farkon tana can tun watan Janairu.

Ido yana lumshewa. Warin fetur, ƙanshin awara, wata rediyo can nesa… dum… dum… Mai faci ne a bakin tasha yake dukan taya. A'a, turmi ne. Turmi huɗu a tsakar gidansu na Iware, kwana uku da binne mahaifinsa, Baba Obadiya. Gida ya cika ya batse — 'yan coci, mutanen ofis, dangi daga Zing waɗanda ko sunansu bai riƙe ba. Abinci ya ƙare. Patricia, matarsa, ta zo ta raɗa masa cewa matan zumuntar coci da suka biyo ta daga unguwar Sintali a Jalingo suna tambaya a ina za a ɗebi doya. Mama tana ɗaki an kewaye ta, ba ta magana da kowa. Shi ne babban ɗa. Shi ne mai gida yanzu, ido duk a kansa. Ya shiga rumfar doya da takalminsa mai ƙyalli…

Manya a gaba, a jere, tsaf. Can lungu kuma wasu ƙanana — gajeru, masu gashi, munana, an barbaɗe su da toka an lulluɓe da busasshiyar ciyawa. To me mai hankali zai yi? A bar wa Mama manyan ta ci ta sayar, a ba baƙi waɗannan da ba mai kallonsu. Tattali ke nan. Har daɗin kansa ya ji, bawan Allah, yana ganin ya fara riƙon gida da ƙafar dama.

"Ku kwashe waɗancan duka."

Duka. Da bakinsa.

Matan birni ne, me suka sani? Suka fere, suka dafa, suka daka suna waƙa. Sakwara ta yi danƙo, kowa yana yabo. Shi ma ya ci a tsaye, yana amsa gaisuwa, bai ji komai ba. Wasu ma rabi suka ci suka ture kwano…

Malam Sajo ne ya gani. Tsohon Bafulatanin nan, abokin Baba tun kafin a haifi Rufus, wanda shanunsa ke kwana a gonarsu bayan girbi. Ya zagaya bayan gida zai yi alwalar la'asar, ya tarar da tarin ɓawo. Ya sunkuya ya ɗauki ɗaya ya juya shi. Cikin ɓawon ja-ja, kamar an shafa zoɓo. Ya yafito Rufus da hannu, ya tambaye shi daga wane gefen rumfa aka ɗebo wannan. Ya gaya masa. Tsohon ya daɗe yana kallon ɓawon.

"Ɓingel am, ɗana," tsohon ya ce, "wannan ba abinci ba ne. Iri ne."

Sauran maganar a hankali ya yi ta, kamar mai tsoron kada gida ya ji. Wai 'yar dutse ake ce wa doyar nan. Wai kakan Rufus ne ya sauko da ita a ka daga duwatsun Yorro shekarar da suka dawo ƙasa, kuma duk Iware an watsar da ita an koma wa doyar da kasuwa ke so, ban da Obadiya. Layi uku yake yi mata kowace shekara. A ci a godiyar kaka, a ci a Kirsimeti, abin da ya rage a kai lungu a jira ruwa. Babu ita a gidan kowa. Ya gama, ya sa ɓawon a aljihun rigarsa — me zai yi da ɓawo? — ya ɗauki butarsa ya tafi.

Motar ta girgiza. Wata mata ta shigo da kaji biyu ɗaure da tsumma, ta danne masa rabin cinya, ta ce ya yi haƙuri. An cika. An tashi. Iska ta shigo ta taga, mai ɗumi, da ƙanshin ƙasar da ta sha ruwa shekaranjiya.

Laifin wa? A'a, a tsaya a yi maganar nan — laifin wa, Baba? Wa ya sa yaro ɗan shekara bakwai a bayan keke ya kai shi gidan kawunsa a Jalingo, ya ce zauna nan ka yi karatu? Wa ke fizge garma daga hannunsa duk hutun da ya zo, ya ce ajiye, hannunka na biro ne? Ana cewa kowa ya bar gida, gida ya bar shi. To shi barin gida ya yi, ko ɗauke shi aka yi? Ka raini ɗa don tafin hannunsa ya yi laushi, sannan ka kwanta ka mutu ba sallama, ka bar masa rumfa a buɗe… Haushi yake ji. Haushin mamaci, abin kunya, amma yana jin sa.

Ba ka taɓa nuna mini ba. Ko sau ɗaya ba ka…

Sau ɗaya. Rumfar nan dai, da hantsi, haske yana tsiyayowa ta zana. Baba a tsugune a lungu, yana juya ƙananan nan ɗaya bayan ɗaya yana yi musu magana ƙasa-ƙasa da yarensu na Mumuye, yadda yake yi wa akuya mai ciki. Ya ɗago ya gan shi a ƙofa. Zo ka gani, ya ce. Ana ƙwallo a filin makaranta, ihun yana zuwa har nan. Ina zuwa, Baba. Shekara talatin da biyu ke nan da ina zuwa.

Gadar Nukkai. Ruwa kaɗan a tsakiyar yashi, yana walƙiya. Duwatsu can nesa suna iyo a cikin zafi, ba su taɓa ƙasa ba. Kan Rufus yana bugun gilashi, yana dawowa, yana bugawa… Wacce ke gefensa ba mai kaji ba ce yanzu. Baba ne, da rigarsa ta gona mai yagaggen aljihu, ƙafafu fari fat da ƙura, yana kallon hanya. Ba ya fushi. Da ma ya yi fushi. Sai kallon gonakin mutane yake yi yana gyaɗa kai, wannan ya yi sammako, wancan ya makara. Rufus yana so ya ce masa akwai buhu a but. Yana so ya ce an dafa, Baba, an daka, ni na ce a kwashe. Leɓe ya ƙi ɗagawa. Kuma ga shi shi ne a sama, a wuyan Baba, ƙafafunsa suna reto a ƙirjinsa — wace shekara ce? Shekarar da ruwa ya ɗauke, wadda aka ci ganye da gari tsululu har wata biyu. Yana kukan yunwa, yana nuna rumfa da yatsa, don ya san akwai doya a ciki, ya gani da idonsa.  Baba ya ɗauke shi ya yi ta zagaya gida da shi a rana, zagaye, zagaye, yana guna-gunin wata waƙa, har barci ya kwashe shi. Shekaru ya yi yana riƙe da abin a zuci, yana cewa tsohon nan marowaci ne.

Ashe ɗansa ya bari da yunwa don ya tsare 'yar dutse. Shi kuwa ya zuba wa mutanen da suka ture kwano.

Kaza ta yi kuka. Mai kaji ce. Sun wuce mararrabar Sunkani.

Ranar da zai koma Jalingo bayan makoki, Mama ba ta tambaye shi komai ba. Shi ne ya riga ta, da sauri-sauri, jaka a kafaɗa: Mama, irin nan na lungu na sa an kai Jalingo, saboda ɓeraye. Ta kalli takalminsa. Ta ce to. Shi ke nan, to. Wata uku yana kwana yana tashi da wannan to ɗin. Sai makon jiya waya ta yi ƙara yana tsakiyar aiki, ta ce ruwa ya sauka sau biyu, tuddan doya sun kwanta, ya kawo iri. Da Hausa ta yi masa magana, irin Hausarta da ba ta damu da mace ko namiji ba, don Mumuyensa ya lalace, gaisuwa kawai ta rage masa da sunan abinci. Uwa da ɗa, suna aron bakin kasuwa…

Ƙarya fure take, ba ta 'ya'ya. To wannan fa? Wannan za a binne ta a ƙasa, ta tsiro, ta yi yaɗo, a haƙe ta da kaka. Mama ta fere ta ga fari. Sannan ya ce me? Ƙasa ce ta canza ta? Ko kuwa kafin nan… idonta ai ya fara rauni, watakila… Tir. Ji abin da yake fata wa uwarsa.

Jiya da yamma Cynthia, 'yarsa, ta tsaya kan buhun a tsakar gida tana tambaya me ya sa za a sayi doya a binne ta maimakon a soya. Shekararta tara. Da gaske take tambaya, har ta tsuguna tana taɓa ɗaya. Me ya ce mata? Tashi ki je ki yi aikin makaranta. Hannunta ma ya kakkaɓe mata.

Iware. Direba ya buɗe but. Buhun ya fi jiya nauyi. Ya gwada kafaɗa, ya gwada rungume shi, daga ƙarshe ya ɗora a ka ba gammo, wuya yana karkacewa, masu shayi suna binsa da ido suna yi masa sannu da zuwa. Bai shiga gida ba, ya bi ta baya.

Gona. An gama ta. Tuddai layi-layi har bakin rafi, kowanne da 'yar hularsa ta ciyawa, an shuka doyar kasuwa tun tuni. Sai layi uku kusa da ɗorawa, kansu a buɗe, suna jira. Mama tana zaune a gindin ɗorawar, ta miƙe ƙafa, tasar toka a gefe, wuƙar Baba a kan zaninta. Yaushe ta ƙanƙance haka? A Janairu ba haka take ba. Ko haka take, bai duba ba?

Ya dire buhun. Ya durƙusa ya gaishe ta, ta tambayi Patricia, ta tambayi yarinya, ta tambayi aiki. Ta jawo bakin buhun ta kwance. Ta zaro ɗaya. Ta auna ta a tafin hannu, ta juya, ta sa farcen babban yatsa ta kankare ɓawo kaɗan. Fari sol.

Yanzu ne. Faɗa mana. Ai ka shirya tun tasha…

"Mama, ga irin —"

"Ya yi kyau," ta ce. "Na kasuwa yana da kyau."

Wani tsuntsu yana kuka a saman ɗorawa, abu ɗaya yake ta maimaitawa. 

"Na babanka kam na ci shi," ta ce, ba ta ɗago ba. "Ranan nan matarka ya kawo mini kwano a ɗaki, ya ce kai ka ce dole in ci. Loma ɗaya na gane shi. Wanda ake ci ya ƙare tun Kirsimeti, to wanne ya rage?"

Ya tambaye ta me ya sa ba ta yi magana ba, muryar kamar ba tasa ba.

"An riga an daka. Kuma kai ka aiko." Ta share yatsan a zani. "Na cinye duka. Ban bar ko kaɗan ba."

Kunya ce, da baƙin ciki, da wani abu mai kama da sauƙi wanda ya fi su duka ciwo. Wata uku ta sani. Ta bar masa ƙaryarsa ya riƙe, ta sa an tara layi uku, ta kira shi a waya… Don me? Yana so ya kifa kai a ƙafarta ya yi kuka irin na wancan yaron. Ba ta ba shi wuri ba. Wuƙar ta miƙo masa, ta ƙota.

"Wannan manya ne, ba a binne shi haka. Sai an yanka."

Ya karɓa. Ƙotar ta yi sulɓi, ta loɓa a inda wani babban yatsa ya shekara arba'in yana zama, nasa yatsan bai cika gurbin ba. Doyar tana kwance a gabansa a ƙasa. Ina kai, ina gindi? Gida nawa? A tsaye ko a kwance? Mama ta zuba hannu biyu a toka tana jira, kuma ba za ta faɗa ba — ya gane yanzu — ba za ta faɗa ba sai ya tambaya. Ita kaɗai ta rage da za a tambaya. Damina nawa kuma suka rage mata…

Bakin wuƙar yana kan ɓawo. Rana tana dukan ƙeyarsa. Ya buɗe baki…