Dara Cikin Damina

A Mabai dara tana da lokacinta. Da an kai dawa rumbu, maza su haƙa gurabu a ƙarƙashin durumi, wannan ya karyo kara, wancan ya tsinto tsakuwa, a zauna. Ran da ruwan farko ya sauka, shi ke cike gurabun da laka, kowa ya tashi ya nemi hauyarsa. Ba sarki ya kafa wannan doka ba. Ruwa ne, kuma ba a taɓa jin wanda ya yi masa gardama ba, sai shekarar da kuɗin Udoji na ma'aikata suka fito.

Malam Audi yana da 'ya'ya maza uku a gandunsa. Babban ya bi motar auduga zuwa Funtuwa, bai dawo ba. Salihu ya tafi Kaduna, ya samu aiki a masaƙa. Saura Almu, ƙaraminsu, mai mata ɗaya, Barakatu, da goyo. Gonar da mutum huɗu ke nomewa ta koma ta mutum biyu, ɗayan kuma gwiwarsa ta fara ƙara in ya sunkuya. Har sun bar gefen rafi ya zama saura.

Da Salihu ya zo sunan ɗan Almu, ya zo da agogo a hannu, da rediyo, da wani allon katako. Kafinta ne ya yi masa a Kaduna, ya huda gurabun dara a jere, ya goge ya shafa mai. 'Ya'yan darar kuwa murafun kwalbar lemo ne, wani ya kife nasa, wani ya bar nasa a buɗe. Da zai koma ya bar wa Almu allon.

Allon bai kwana a gida ba. Rumfar Gide mai shayi ya koma, bakin hanya, inda motoci ke tsayawa. Ruwa ya sauka, gurabun durumi suka cike, na katako suna nan ƙalau. Almu ya fara barin gona tun rana ba ta kai tsaka ba. Yau ciwon kai, gobe ƙotar hauya ta yi sako-sako.

Ba darar ce ta hana Malam Audi sukuni ba. Shi kansa a rani ba mai tashinsa daga gindin durumi, daga nan har Ƙanƙara an san hannunsa. Bakin hanyar ne. Nan direbobi ke zama suna ba da labarin Kaduna, wai ko bulo mutum ya ɗauka wata guda ya sayi keke. Haka aka fara da babban. Haka aka yi da Salihu. Malam Audi yakan ɗago daga kunya ya dubi hanya, ya sunkuya, ya sake ɗagowa. Ciyawa kuwa ba ta jiran kowa.

Wata la'asar ya dawo daga gona shi kaɗai, matarsa Lauratu ta aje masa ruwa, ba ta tafi ba.

“Malam.”

“Ina jin ki.”

“Barakatu ta wanke wa mijinta kaya yau. Duka. Har sabuwar rigar.”

“To, laifi ne mace ta yi wanki?”

“Ba salla ba, ba suna ba. Kuma jibi kasuwar Ƙanƙara, motar Funtuwa za ta biyo.”

Malam Audi ya sha ruwan, ya kife kwanon. Bai sake kayan gona ba, ya fita.

A rumfar Gide samari sun yi da'ira, kawunansu a haɗe. Almu na tsakiya, wani direba mai hular ulu na gabansa. Da suka ga dattijon suka dare, gaisuwa ta kaure. Bai amsa ta kowa ba. Ya sunkuya, ya ɗaga allon, murafun suka watse a ƙasa.

Direban ya yi dariya. “Baba, ai da ka bari na ƙarasa. Ko za mu taɓa ɗaya da kai?”

“Ɗan wa kake?”

“Ni daga Sabuwa nike, Baba.”

“A Sabuwa an gama noma?”

“Mu mota muke nomawa.”

“To je ka nome ta. Nan gari ne na masu ci da hauya.”

Ya maƙale allon a hammata ya juya. Almu ya bi allon da kallo. Ya durƙusa yana tsince murafun ɗaya-ɗaya, kunnuwansa sun yi zafi, samari na kallon ƙasa. Mutum mai iyali, an ƙwace masa abin wasa a gaban jama'a kamar yaro.

A gida Malam Audi ya jingine allon a zaure. Ya leƙa cikin gida ya ce wa Lauratu, “Gobe za ki samu itace busasshe.”

Washegari gari ya waye da ruwa. Ba mai iska ba, irin mai zuba a hankali wanda ba ya niyyar ɗaukewa. Ba gona. Malam Audi ya dawo daga masallaci ya zauna a zaure, gatari a gefensa. Ya tashi ya leƙa sama. Ya dawo. Ya gyara buhun taki da ke jingine, ya sake leƙawa. Daga ɗakin Almu ba motsi, sai kukan jinjiri.

Ya jawo allon, ya kwantar da shi a ƙasa don ya sara. Sai ya tsaya. Aikin kafintan ya yi kyau, wannan ba a musu. Gurabun sun daidaita, ba kamar na ƙasa ba da yatsa ke haƙawa. Ya sa ɗan yatsa cikin ɗaya. Ya zaro kara daga zana, ya kakkarya, ya tono tsakuwa daga bakin ƙofa. Gani kawai zai yi ko kara na tsayuwa a ciki. Karan ya tsaya. Ya dasa wani. Ya aje tsakuwa ta tare shi. Kafin ya ankara rabin allon ya cika.

“Baba, in ka sa nan an ci ka.”

Almu ne a bakin ƙofar ciki, buhu a kansa saboda ruwa. Da gani maganar ta kuɓuce masa ne, don ya yi saurin sunkuyar da kai.

“Wa za shi ci ni?”

Almu ya gyara buhun a kansa.

“Na ce wa?”

“Duk mai tsakuwa, Baba.”

A Mabai uba ba ya zama dara da ɗansa. In ɗa ya zo gindin durumi ya tarar da ubansa, baya yake tsayawa, ko ya wuce. Dara wurin baƙar magana ce da shewa, ba a yin ta da wanda ake jin nauyi. Malam Audi ya san wannan tun kafin a haifi kafintan. Ya dubi ruwan, ya dubi ɗan. Gobe kasuwa.

“Zauna.”

“Baba…”

“Kunnenka ya toshe?”

Almu ya zauna a ɗarare, a gefen tabarma. Suka kwashe, suka fara zubi daga farko, kara ɗaya, tsakuwa ɗaya. Malam Audi na dasa nasa da ƙarfi. Almu na aje tasa kamar mai aje ƙwai.

Daga bayan ƙofa aka ji muryar Lauratu. “Ikon Allah! Barakatu, zo ki ga abin da ban taɓa gani ba.”

“Ke, koma ga tukunyarki.”

“Da wane itace? Duk ya jiƙe. Ina jiran wanda ka ce za ka hwasa mani.”

Aka ji dariyar Barakatu can ciki, ta toshe baki. Almu ya cije leɓe. Malam Audi bai ɗaga kai ba.

Ba a gama zubi ba ya gane ba da yaro yake wasa ba. Duk inda ya nufa, tsakuwa ta riga shi. Yana buɗe hanya nan, a toshe can. Wasu dabarun ma nasa ne, waɗanda bai taɓa koya wa kowa ba.

“Wa ya koya maka wannan?”

“A bayanka nike tsayawa, Baba. Tun ina kai maka hura.”

“Da ka tsaya bayana a gona haka, da ciyawa ba ta kai gwiwa ba.”

Aka fara turawa. Malam Audi ya jera uku, ya ɗauke tsakuwa ɗaya. Almu ya rama. Aka yi ta ja. Ruwa na zuba, kaji sun shigo zaure sun rakuɓe, ba wanda ya kore su. Sai dattijon ya matsa kara ɗaya, yana ɗauke hannu ya ga ɓarnar da ya yi. Ya buɗe wa Almu gurbin da zai riƙa shiga da fita, kowane motsi ci. Wanda ya samu wannan ya gama wasa.

Almu ya daɗe yana kallon wurin. Ya miƙa hannu, ya tura wata tsakuwa can gefe, inda ba ta da aikin komai.

Malam Audi ya ci. Ya sake ci. Sannan ya tsaya, kara a hannunsa. Shekarunsa a gindin durumi sun koya masa mutum biyu ne ke bari a ci su da gangan, mai neman abu a wurinka, da wanda ya riga ya yi sallama da kai a zuciyarsa. Almu ya daina neman komai a wurinsa tun bara.

“Ka ga gurbin can.”

“Ban gani ba, Baba.”

“Ƙarya kake. Tun daga bakin ƙohwa ka hango abin da bai kai shi ba.”

Almu ya sunkuyar da kai.

“Sadaka ka ba ni? Na yi maka kama da mai bara?” Ya mayar da tsakuwoyin da ya ci, ya mayar da kowane ɗa inda yake. “Ci.”

“Baba, ba shi da kyau.”

“Wanda za shi tahi shi bar ni da gona shi ke gaya mani abin da ke da kyau? Ci, na ce.”

Almu ya ɗauki tsakuwar ya shiga gurbin. Ya ɗauke kara. Ya fita, ya koma, ya ɗauke wani. Tun yana yi a hankali har ya saki hannu, tsakuwa na ƙara a kan katako. Bai bar wa ubansa abin jerawa ba. Da ya gama, numfashinsa ya yi sama kamar wanda ya yi gudu.

Malam Audi ya dubi allon. Rabon da a share shi haka ya manta.

“Mi ke akwai Kaduna?”

“Ban sani ba, Baba. Ban taɓa zuwa ba.”

“To mi ya kore ka nan?”

Almu ya juya tsakuwa a tafinsa. Da a tsaye suke a gona, da bai faɗa ba. Amma a gaban allo suke, gwiwa kusa da gwiwa.

“Bara na ce ka ba ni gehen rahi in sa auduga, ka ce a'a. Ya zauna ciyawa na ci. Ranar suna, ragon ɗana sai da na jira ka ce ga wanda za a kama. Salihu ƙanen bayana ne a hauya, kowa ya sani. Ya zo da agogo, mata na guɗa. Ni ko zanen Barakatu sai na zo zaure na durƙusa.”

“Ka rasa tuwo a gidan nan?”

“Ban rasa ba.”

“To?”

“Shi ke nan, Baba. Tuwo.”

Malam Audi ya tashi ya tsaya a bakin ƙofa, ya ba shi baya. Gandun nan daga hannun ubansa ya karɓe shi a dunƙule. Bai taɓa yanke ko taki ɗaya ya ce na wane ne ba, kuma ya sha faɗa a bainar jama'a cewa sai bayan ransa. Ruwan ya fara tsagaitawa. Can bakin hanya wata mota ta wuce tana nishi cikin taɓo.

“Daga marke zuwa rahi,” ya ce, bai juyo ba. “Abin da ka shuka, abin da ka sayar, ba ni tambaya. Irin auduga kuma ka tahi Daudawa da ƙahwarka ka nemo, ba ni roƙon kowa.”

Almu ya ci gaba da juya tsakuwar a tafinsa.

“Ka ji ni?”

“Na ji, Baba.”

Bai ce ya fasa ba, bai ce zai tafi ba. Ya tattara tsakuwoyin ya aje a gefe, ya ɗauki buhunsa ya shige ciki. Malam Audi ya buɗe baki zai kira shi, ya rufe. Ya riga ya faɗi abin da bai taɓa faɗa ba, ba zai ƙara da roƙo ba.

Ran kasuwa ya fita gona tun ƙasa na da sanyi. Bai dubi ɗakin Almu ba. Ya kama kunya ya sunkuya. Masu tafiya Ƙanƙara suna wucewa da jakuna da kekuna suna yi masa barka da aiki, yana amsawa ba ya ɗagowa. Da hantsi motar Funtuwa ta iso. Ya ji tsayuwarta a rumfar Gide. Ta busa oda, ta daɗe, ta sake yi. Ya ci gaba da sara, har ya sare dawa biyu tare da ciyawa bai sani ba. Motar ta tashi, ƙararta ta yi nisa, ta ɓace.

Sai da ya kai ƙarshen kunya ya miƙe, hannu a ƙugu.

Can ƙasa, bayan marke, mutum na sassabe. Ya tuɓe riga, adda na tashi tana sauka, ko waiwaye ba ya yi. A gandu Almu bai taɓa aiki da irin wannan sauri ba.

Malam Audi ya daɗe yana kallo. Sannan ya dubi nasa gefen, kunyoyi a jere har gindin tudu, duk ciyawa, kuma ba mai zuwa ya kama masa. Ya tofa yawu a tafi, ya kama ta gaba.