Kwanakin Lefteris Sun Cika

A Girka aka haifi Lefteris, ɗan ƙanwata Fotini, yana shekara huɗu aka kawo shi nan Melbourne, a Ostiraliya. Fasfo biyu gare shi, da wata takarda mai cewa shi mazaunin waje ne. Muddin bai wuce kwanakin da aka yanka masa na zama a Girka ba, ba ruwansa da aikin soja. In ya wuce kuwa, sai bariki.

Bara ya je ƙauyenmu a Girka taya mahaifiyarmu tsinkar zaitun. Na sha yi masa tsiya, yaron da ko dankali aka ba shi ya fere a shagonmu na soyayyen kifi sai ya yanke yatsa.

Saura sati biyu ya dawo, tsohuwa ta faɗo daga tsani ta karye a ƙugu. Shekara tamanin da ɗaya, wa ya aike ta? Ana gobe kwanakinsa za su cika ya bugo waya, muna tsaka da ciniki. Fotini ta buɗe muryar wayar kowa na ji.

"Mama, ba zan taho ba."

"Kai, kanka ɗaya kuwa? Aske maka kai za su yi, su miƙa maka bindiga! Aikinka fa? Ita Despina da aka sa muku rana fa?"

"Duk na sani. Kaka ko bayi ba ta iya zuwa ita kaɗai."

Na fizge wayar na ce, "Ɗan nan, hau jirgi. Za mu nemo mai jinya."

"Kawu, biyu ta kora. Ta ce bare ba zai taɓa ta ba, sai jininta. Ko kai za ka zo? In za ka zo, yanzu zan haɗa kaya."

Ba gori yake yi mini ba, tambaya ce tsakani da Allah. Ni na daɗe da wuce shekarun soja, ba abin da zai same ni. Uwata ce kuma. Na dubi layin masu saye, na fara cewa shago, ciwon bayana, likita.

"Ba komai, Kawu," in ji shi. "Ina nan."

Sai da tsohuwa ta taka da ƙafarta, sannan ya kai kansa bariki, bai jira an zo nemansa ba. Ban taɓa ganin namiji irin yaron nan ba, kuma har yau in ya bugo waya, Fotini nake miƙa wa.