Hannun da Aka Ɗaure da Waya

"Ɗaga ƙafar mu gani, Dakta," in ji Yamusa mai walda.

Felicity ta yaye zanen da ta rufe mijinta da shi. Wari ya cika ɗakin. Gyambon da ya fara a babban yatsa ya haura idon sawu, ya yi baƙi ƙirin.

Katanga ɗaya ce tsakanin Yamusa da Dakta Bernard a Kurudu. Shi ba likita ba ne, sinadarai yake haɗawa, yana neman maganin ƙwayoyin cutar da suka daina jin magani. Sai ga shi ciwon suga ya buɗe wa irinsu ƙofa a ƙafarsa. Asibiti sun yi allura har sun gaji.

A kan tebur akwai zoben ƙarfe mai kusurwa shida, da hannaye a jiki. Yamusa ne ya ƙera masa, wai haka siffar maganin take, in da ido zai iya gani.

Yamusa ya nuna zoben. "Ba kai ka ce da ka matsar da hannun nan daga sama zuwa gefe a jikin maganin, ƙwayoyin suka mutu ba?"

"A faranti, oga Yamusa. A ɗakin gwaji."

"To a ɗebo mu zuba. Faranti ya fi ka ne?"

"Ko ɓera bai sha ba. Yana iya cin ƙoda."

"Gawa me za ta yi da ƙoda?"

"Gaya masa dai, maƙwabci," in ji Felicity. "Ni bakina ya gaji."

Dakta ya numfasa. "In na zuba na mutu, za a ce shi ya kashe ni, a watsar da shi. Kuma mutuwar zan yi."

Yamusa ya ja tsaki ya miƙe. "Wannan taurin kai ne, ba ilimi ba."

"Na ji. Tafi da zoben. Da waya na ɗaure hannun, ka liƙe min."

Yamusa ya ɗauka, ya wurga ƙarƙashin bencin shagonsa, ya ƙi taɓawa.

Ran Laraba cutar ta shiga jini. Kafin a sami mota Dakta ya cika.

Da aka wuce da gawar zuwa jihar Filato, Yamusa ya jawo zoben ya kakkaɓe. Ya kwance wayar, ya daidaita hannun a gefe, ya ɗiga masa wutar walda. Ya ajiye a bakin ƙofa, ya zauna yana kallon jan wurin har ya huce.