Kada Kowa Ya Taɓa Jar Kaza

Mutanen Vilar da Fraga, wani ƙaramin gari a Fotugal, ba su iya ganin abu da ido kaɗai ba, sai sun taɓa. In aka yi haihuwa, kafin jaririn ya kwana kowace tsohuwa ta latsa kumatunsa. In ka sayi sabon jaki, maza za su yi layi suna buɗa masa baki. Wannan hali nasu ne ya kusa haukata Leonilde a kakar tseren motoci ta ƙasa, shekarar 1983.

Mijinta Belmiro burodi yake rarrabawa ƙauyukan kan dutse, kuma a kwane-kwanen hanyar nan ya koyi gudu don kada burodi ya huce. Motar tserensa irin ta gida ce mai ƙofa huɗu, kamar yadda dokar gasar ta tanada, an yi mata jan fenti, kuma in ta tashi sai ta yi ta kyarkyara, shi ya sa ake ce mata Jar Kaza. Kowa a garin yana da hannu a cikinta. Fada, limamin coci, shi ya ba da tayoyi, mai shagon shan kofi ya ba da batir, Gwaggo Zulmira ta ɗinke kujeru. Injin kuwa Baba Custódio ne ya haɗa shi, mahaifin Belmiro, a lokacin da idanunsa suka riga suka soma dushewa. Da yatsu ya haɗa shi, kuma kafin a fara kakar ya daina gani gaba ɗaya.

Leonilde ita ce mai riƙe agogo da allon nuna wa direba lokaci a bakin hanyar tsere, ita ce kuma kaɗai a garin da ta karanta dokokin gasar. Akwai wata doka da ta fi kowacce sauƙi: in an gama tsere, ana killace motoci cikin shingen igiya, ba mai taɓa su sai alƙalai sun auna nauyinsu sun duba inji. Ko direba, in ya fito ya rufe ƙofa, shi ke nan.

A tseren farko na kakar Belmiro ya zo na ɗaya. Kafin Leonilde ta ajiye allonta, garin gaba ɗaya ya tsallake igiya. Wasu na shafa rufi, wasu na sumbatar fitila, Gwaggo Zulmira ta shige ciki tana rataya hoton waliyyi a madubi. Kawu Gaudêncio kuwa ya ga inji da zafinsa zai tafi a banza, sai ya yi abin da yake yi wa tarakta kullum a gona: ya ɗaga bonet, murfin injin, ya ɗora tukunyar wakensa. Da alƙalai suka iso, wake na ɓararraka. Aka soke nasarar, maki suka koma hannun Vasco Meireles, wani likitan haƙori daga Lisbon.

"To, laifin me wake ya yi?" in ji Kawu Gaudêncio a hanyar komowa.

"Kawu, don Allah ka yi shiru," Leonilde ta ce. "In na buɗe baki yau, sai mun raba zumunci."

Ranar Lahadin da ta biyo, bayan an fito coci, ta hau matakala ta yi wa gari doka. Ba babba ba yaro, ba wanda zai ƙara zuwa kallon tsere. Mai son ji ya je shagon kofi ya saurari rediyo. Aka yi ta gunaguni, amma wanda ya san Leonilde ya san ba ta magana biyu.

Haka aka yi kakar, daga ita sai Belmiro sai Jar Kaza. Yau Vasco ya ci, gobe Belmiro ya rama, har aka zo tseren ƙarshe a filin tsere na Estoril makinsu kunnen doki. Wanda ya riga wani tsallake layi shi ke da kofin ƙasa.

Da hantsi tana durƙushe tana auna iskar taya, sai ta ji ƙarar kakaki. Ta san wannan kakakin, a duk Fotugal mutum ɗaya ne ke busa shi karkace haka. Ta ɗago kai. Ga bas biyu sun tsaya a bakin ƙofa, an ɗaure kwanduna a rufinsu, mutanen Vilar da Fraga na zubowa ƙasa, makaɗan gari a gaba da Albano mai kakaki. Ga Fada da lema. Ga Kawu Gaudêncio rungume da wani abu a cikin tawul, wanda ko ba a faɗa ba tukunya ce. Can baya, Gwaggo Zulmira na riƙe da hannun Baba Custódio, ya sha kwat ɗinsa na zuwa biki.

"Belmiro! Kai ka gaya musu su zo?"

Belmiro ya cusa kai cikin hular kwano. "Nilde, wallahi ba na jin ki, hular nan ta toshe min kunne."

"Za ka ji ni a gida."

Gwaggo Zulmira ta ƙaraso tana haki. "'Yar nan, kada ki harare ni. Rediyon ne ya lalace."

"Rediyon gari duka, Gwaggo?"

"Duka. Abin mamaki, ko?"

Ba lokacin faɗa. Aka jera motoci, aka saki tuta, ƙasa ta ɗauki rugugi. Vasco ya fice gaba da farar motarsa, Jar Kaza na manne da shi tana kyarkyara. Leonilde ta manta da fushi. Tana ɗaga allo, tana tsalle, tana zagin mijinta da kakanninsa duk sa'ad da ya taka birki da wuri. A kan benci mutanen garin sun miƙe tsaye, Fada ya karya lemarsa a kan ƙarfen shinge bai ma sani ba. Baba Custódio kaɗai ke zaune, ya karkata kai, yana bin ƙarar injinsa da kunne tun daga wannan kwana har waccan.

A zagayen ƙarshe, a doguwar kwanar nan da ke fitowa miƙaƙƙiyar hanya, Vasco ya ɗan buɗe. Belmiro ya cusa hancin Jar Kaza ta ciki kamar yadda yake wuce keken shanu a hanyar Montalegre. Suka fito kafaɗa da kafaɗa. Da aka kaɗa tuta mai baƙi da fari, jan bonet ne a gaba, da abin da bai fi tsawon burodi ba.

Leonilde ta yi ihu har muryarta ta dishe. Sai kuma ta katse ihun, don ta ga bencin da mutanen garinta suke babu kowa.

Ta jefar da allo, ta cire takalma, ta zuba a guje. Ta iso shingen daidai lokacin da Belmiro ya fito ya rufe ƙofar mota, garin kuma ya taho kamar an buɗe wa tumaki garke, kowa hannu a miƙe. Tsakaninsu da kofin ƙasa igiya ce guda ɗaya, siririya. Ta san ko ta yi kuka ko ta yi zagi ba mai jin ta. Idonta ya faɗa kan Albano, ta cafko shi ta kwala.

"Kawu Albano, busa kiɗan rawar vira! Yanzu!"

"A nan? Ai ba a..."

"Busa, ko in gaya wa matarka inda kuɗin sabon kakaki ya tafi!"

Albano ya busa. Ganga ta amsa. Leonilde ta ɗaga hannuwa sama da kanta, ta soma kaɗa yatsu tana juyi, ta ƙwala da ragowar muryarta: "Wanda ya fara sauke hannu, shi ne Gajiyayyen Bana!"

Nan fa kowa ya ja birki. A Vilar da Fraga ba a wasa da wannan. Duk bikin waliyyin gari ana yin rawar vira hannu a sama, wanda kuma ya fara saukewa, sunan nan zai bi shi har shekara ta zagayo, a kasuwa, a coci, har a bakin jikokinsa. Akwai wanda ya ƙaura zuwa Faransa saboda haka. Kafin ka ce kwabo hannuwa sun tashi sama gaba ɗaya. Kawu Gaudêncio ya rasa yadda zai yi, sai ya ɗora tukunyar a ka ya shiga da'ira.

Babban alƙalin binciken wani siririn dattijo ne mai tabarau, wanda ba a halicce shi da gaggawa ba. Ya sa aka tura Jar Kaza kan sikeli. Ya leƙa ƙarƙashinta. Ya goge tabarau. Ya sake leƙawa. Garin na ta zagaya shingen, gumi na zuba, ana juyi ana tafi da yatsu.

"Yallaɓai, a taimaka a hanzarta!" in ji Gwaggo Zulmira tana wucewa. "Kafaɗata ta mutu!"

"Sauke mana, Zulmira," Kawu Gaudêncio ya ce daga ƙarƙashin tukunya. "Sunan zai yi miki kyau."

"Sai dai uwarka ta sauke, mai wake!"

Makanikan wasu motoci suka fito kallo, aka ja su ciki. Vasco Meireles ya zo taya Belmiro murna, bai ankara ba wata tsohuwa ta maƙale shi, sai ga likita hannu a sama yana tambaya ko ƙafar hagu ake farawa da ita. Leonilde na juyi tana dariya har hawaye, tana ƙirga kawuna kamar mai kiwo. A nan ne ta ga babu mutum ɗaya.

Baba Custódio ba ya cikin da'irar. Ya bi ƙamshin mai da 'yar ƙarar da inji ke yi in yana hucewa, ya laluba igiya, ya sunkuya ta ƙarƙashinta. Alƙalai sun ba shi baya. Yana tafe a hankali, tafin hannunsa a buɗe, saura taki biyu ya kai bonet.

Leonilde ba ta san lokacin da ta tsallake igiyar ba. Ta kama hannun nasa da nata biyu.

"Baba, a'a. Don girman Allah, ba yanzu ba."

"Nilde ce?" Ya yi murmushi. "Ba abin da zan kwance, 'yata. Ɗumin motar kawai zan ji. Tun da na ɗaure kan injin nan ban taɓa shi da zafin tsere ba. In ya dawo gida ya riga ya huce."

Maganar ta soke ta. Dokar da ta kafa don mai wake da su Gwaggo, ashe a kan wannan tsoho ta fi faɗawa, shi da ba shi da wani ido sai tafin hannu, kuma duk kakar bai ce mata uffan ba. Tausayi da kunya suka rufe ta. Amma ta ga alƙali na shirin juyowa.

"Baba, rabon da ka yi rawa da ni tun ranar aurena."

"Kin taka min ƙafa ranar."

"To zo in taka ɗayar."

Ta ɗaga hannuwansa sama tare da nata, ta juya da shi, taki ɗaya, taki biyu, har suka fice ta ƙarƙashin igiya suka shiga da'ira. Tsoho ya ware. Ashe ƙafafun ba su manta komai ba. Garin ya ɗauki shewa, Albano ya ƙara wuta, fuskarsa ta yi jawur kamar motar.

Sai can alƙali ya rufe bonet, ya cire tabarau, ya ɗaga babban yatsa. Belmiro ya zama zakaran ƙasa. Aka kwance igiya.

Kiɗa ya tsaya cak, amma ba hannun da ya sauka, kowa na satar kallon maƙwabcinsa. Leonilde ta sauke nata a gaban kowa.

"Na ji, ni ce Gajiyayyar Bana. Ku ba Baba hanya."

Aka dare. Ta kai shi gaban Jar Kaza, ta ɗora tafinsa a kan bonet. Ya shafa nan, ya shafa can. Murmushinsa ya ragu.

"Ta huce," ya ce a hankali.

Leonilde ta fizge makulli daga hannun mijinta, ta faɗa kujerar direba da ƙafafunta marasa takalmi, ta murza. Jar Kaza ta yi kyarkyara ta kama. Ta taka totur, ta sake takawa, har gilasan tabarau ɗin alƙali suka yi rawa a aljihunsa. Baba Custódio ya ɗora hannu biyu, sannan ya kwantar da kumatunsa a kan jan ƙarfen, ya rufe idanun da ba sa gani. Ba wanda ya matsa kusa. Belmiro, zakaran ƙasa guda, ya tsaya a gefe yana sharar hanci da hannun riga.

An jima tsohon ya ɗago, fuskarsa jiƙe, yana dariya.

"Nilde, ja min bonet ɗin nan." Ya juya wajen jama'a. "Ina Gaudêncio? Kawo waken, ta yi zafi."