Dutsen Tokare Ƙofa

Yaya Halliru ya faɗi maganar ne da gurasa a bakinsa, a shagonsa na kago, na aika kaya gida, da ke Al Sabkha a Dubai, gaban 'yan kasuwar Kano da suka zo auna kaya. Na gaya masa wani kamfanin binciken duwatsu ya ɗauke ni aikin daji, abin da na karanta a jami'a ke nan. Saura kawai ya sa hannu ya sake ni, don bizata tana ƙarƙashin shagonsa.

"Murjanatu, ke da matakalar gidanmu na Satwa ke sa ki haki? Je ki hau dutsen gandun nan na bayan Fujairah ki dawo da ƙafarki. In kin yi, khalas, shi ke nan, na sa hannu."

Aka yi dariya. Ni kuwa na riƙe maganar.

Wata Asabar cikin Janairu na hau bas bayan sallar asuba, daga nan tasi ta sauke ni a bakin gandun. Direban ya tambayi ina 'yan rakiyata, na ce suna tafe.

Na ɗauka sanyin ƙasar nan duk irin na Dubai ne, wanda mayafi ke maganinsa. Kafin na fita daga kwazazzabon farko iska ta shige min abaya ta ko'ina, yatsuna suka daina jin abin da suke kamawa. Na tattare abayar na ɗaure a ƙugu bisa wando. Tsakuwar hanyar ba ta tsayawa. Ka taka ta zame da kai. Ban ga kowa ba sai awaki, su ma kallo ɗaya suka yi min suka ci gaba da kiwo.

Can sama tafin takalmina na dama ya ɓalle. Na yagi gefen mayafi na ɗaure shi, na yi gaba kaɗan, na faɗi a kan gwiwa. Na zauna ina kallon jini yana ratsa wandon. Sauka ta fi kusa. Sai na tuna teburina a shago, inda nake wuni ina rubuta sunayen alhazai a jikin buhuna. Na miƙe.

A ƙololuwa na yi taimama na yi azahar, haƙorana na kaɗawa. Na ciro waya in ɗauki hoto, sanyi ya kashe ta. Sai na ɗauki dutse ɗaya, kore mai duhu, ya fi dunƙulen hannu, irin wanda ya taɓa zama ƙasan teku. Na san ba a son a ɗauka. Nauyinsa na dukan bayana har na sauko.

Ran Litinin na shiga shago ina ɗingishi, farcen ƙafata ɗaya ya cire, na ajiye dutsen kusa da sikeli. Yaya ya dubi dutsen, ya dubi ƙafata.

"Ke kaɗai kika je?"

"Ba ka ce da rakiya ba, Yaya."

Ya ce shi wasa yake yi, kowa ma ya san wasa ne. Ya ce yarinyar da za ta shiga daji ita kaɗai ba ta gaya wa kowa ba, ai ta nuna ba ta da hankalin da za a sake ta. In wani abu ya same ni, me zai ce wa Hajiyarmu? Na juya wajen waɗanda aka yi maganar a gabansu. Kowa ya sunkuya kan wayarsa. Alhaji Musbahu ne kaɗai ya ɗago, ya ce sannu jaruma, sannan ya tambaya ko na rubuta wa buhunansa suna.

Kamfanin ya jira ni har ƙarshen wata, ya ɗauki wani.

Ƙofar shagon tana yawan rufe kanta in ana shigo da kaya, don haka Yaya ya sa dutsen ya tokare ta. Ya ce ya yi daidai. Ni ke buɗe shago kullum, ni ke tura shi da ƙafar da farcenta bai gama fitowa ba. Ban sake yi masa maganar sa hannu ba. Jira yake in roƙe shi, ya daɗe yana jira.