Wurin Salihu

...kuma har yau ban ba Kande amsa ba. Kwana da kwanaki tambayarta na biye da ni. Ina tankaɗe, tana nan. Ina sallah, Allah ya yafe mini, tana nan.

Kande maƙwabciyata ce. Katanga ɗaya ta raba mu a Yakasai tun muna amare, katangar ma damina ta cinye kanta, in na yi ɗage ina ganin madafinta. Ɗanta Salihu an ɗauke shi babbar makarantar Badun, can kudu, wadda suke kira jami'a. Nawa, Gambo, an ce ya jira. Tare suka yi elementare, tare suka yi midil, tare aka kai su karatu Zariya, akwatinsu ma kafinta ɗaya ya yi. Ɗaya an ce zo, ɗaya an ce dakata.

Ni da na ji an ce jira, har guɗa na so in yi. Jira ai ba kora ba ce. Na ɗauka irin layin famfo ne, ka ajiye tulunka a bayan na wani, komai daɗewa ruwa zai zo kanka. Na soya waina ranar Juma'a na raba. Na aika wa malamin unguwa da goro, a roƙa wa yaro Allah ya buɗe hanya. Ya buɗe, ya buɗe da gaggawa — haka na ce a faɗa masa, da gaggawa.

Sai da Gambo ya same ni ina kwashe tuwo. Ya tsuguna can nesa, yana wasa da tsinke a ƙasa.

"Inna, ba fa layi ba ne. Wuraren ƙidayayyu ne, kuma sun cika. Ni ne na farko a masu jira daga nan, haka Baturen makarantarmu ya ce. Amma ba za a kira ni ba sai wani ya fasa."

Na ce, to wa zai fasa?

Ya ci gaba da wasa da tsinkensa. Ni kuwa ban kawo komai a raina ba, wallahi ban kawo ba. Wani — wani can, ɗan wani gari, marar fuska, wanda ubansa zai ce ya zauna ya riƙe masa kanti. Shi na ci gaba da roƙo a kansa. Ban san sunansa ba, me ya dame ni?

Sannan Salihu ya kwanta.

Zazzaɓi aka ce da fari. Sai ido ya yi rawaya, tafin hannu ya yi rawaya. Shawara. Ina jin amansa ta kan katanga, ina jin Kande tana cewa sannu, sannu, sannu, da muryar nan tata da ta dushe... ni kuma ga kaskon waina a hannuna, Juma'a ta zagayo. Na tsaya da ludayi. Me nake roƙo? A kan wa?

Na sani. Ba sai an gaya mini ba, na yi allo kafin in shiga ajin yaƙi da jahilci, na san cuta ta Allah ce, waina ba ta kwantar da mutum. Na sani da kaina. Cikina ne bai sani ba.

Yaron nan ya sha nonona. Lokacin da aka haife shi Kande ta yi ciwon da aka fid da rai, ni ina goyon Gambo, sai aka miƙo mini shi ta kan katangar nan a cikin zane. Ɗaya a dama, ɗaya a hagu. Salihu ya fi ci, har ina ce masa ɓarawo, kana cinye wa mai gida abincinsa... Astagfirullah. Me ya kawo wannan yanzu? Wasa nake yi a lokacin. Wasa ne.

Gambo kuwa shi kaɗai ya tsaya mini. Tagwayen da ya biyo, ƙyanda ta kwashe su a mako guda, ina ji ina gani. Bayansa ban sake samu ba. Duk abin da zan gani na alheri a duniyar nan ta fuskarsa zai zo, in zai zo. Malam maigidana ba ya magana, ya dawo daga kasuwar Kurmi da warin fata a jikinsa ya ce Allah ya zaɓa abin da ya fi alheri, ya ja buta. Amma na ga ya ɗinka wa yaron jakar littattafai, jar fata, ya ɓoye ta a bayan tukunyar rumbu. Yana tsammani ban gani ba.

Da, kullum Gambo sai ya hau keke ya fita bayan ganuwa zuwa gidan waya. Daga yadda yake jingine keken a zaure nake gane babu labari. Tun da Salihu ya kwanta ya daina zuwa. Yana can wurinsa, yana yi masa fifita, yana karanta masa littattafan Turanci, shi ke kai shi bayan gida. In ya shigo ba ya haɗa ido da ni. Tuwo ya taɓa ya rufe. Shi ma yana jin abin da nake ji ke nan? Ko ni yake tsoro, kada ya ga wani abu a fuskata?

Yanzu Salihu ya fara tashi. Yana shan kunu, yana zama a tabarma, ƙafafu kamar sillen kara. Likitan asibiti ya ce ya huta. Bai ce zuwa yaushe ba. Makaranta kuwa za a buɗe da ɗaukewar ruwa, kuma an ce ba a ajiye wa kowa wuri zuwa baɗi. Shi yaron cewa yake ko a kan amalanke a kai shi tasha. Ubansa ya rasu, baffansa ya ce ba ruwansa, uwarsa ta yanke.

Shi ne ta leƙo ta kan katanga, gari a goshinta. Ba ta faɗin sunansa, ɗan fari ne, sai dai ta ce ɗanki.

"Mero, ke kin shiga aji, kin san abin da ban sani ba. Dubi idon ɗan naki. In bar shi ya hau jirgin ƙasan nan, ko in sa a rubuta musu ya fasa? Abin da kika ce shi zan yi, ni kaina ya kulle."

Na ce bari in yi tunani.

Ta yi dariya, dariyar farko tun da ya kwanta. "Yi tunaninki, malama. Na Gambo ma yana tafe, layi ne. Mu dai mu ɗinka musu riguna iri ɗaya, kada mutanen Badun su ce 'yan Kano ba su da iyaye."

Layi ne. Ba ta sani ba. Yaran ba su gaya mata ba, Salihu don kunya, Gambo don... ban san don me ba.

To in ce ya zauna? Gaskiya ce ai. Kwana da yini a jirgi, a kan katako, ga garin da aka ce ruwa ba ya ɗaukewa, abincinsu manja, mai shawara da manja! Wa zai dama masa kunu a can? Wa zai duba idonsa da safe? Da Gambo ne a kwance haka, wallahi ba inda za shi. Da babu maganar jira, da tun a ranar na ce mata Kande riƙe ɗanki, rai ya fi karatu. Da bakina bai yi nauyi ba.

Amma yanzu in na buɗe baki, wace ce ke magana? Wadda ta shayar da shi, ko wadda ta ga jar jaka a bayan rumbu? Muryarsu ɗaya. Na saurara, na sake saurara, ban iya raba su ba.

In ce ya tafi? Sai hannuna ya fita, a ce Mero ba ta da ƙyashi. In wanke kaina da ɗan mutane. In ya je ya sake kwantawa, aka bugo waya daga Badun... a binne shi inda uwarsa ba za ta taɓa sanin ƙasar ba, don kawai ina tsoron abin da zuciyata za ta ce da ni? Kuma ko a hakan — ya Allah — ko a hakan Gambo wurin zai faɗo wa.

Na ce to in gaya mata gaskiya. In ce Kande, ba layi ba ne, in naki ya fasa nawa za a kira, nemi shawara wurin wani. Jiya har na yafa mayafi a kan haka. Sai na tsaya a bakin ƙofa, don na san Kande. Na san abin da za ta yi. Za ta riƙe haɓa ta ce, "Au, haka ne? To ai shi ke nan, Gambon ba nawa ba ne? Ya tafi, Allah ya sa rabonsa ne." Kara za ta yi mini. Nonon nan da ta ce ba ta da abin biyansa, da wurin ɗanta za ta biya, tana murmushi, ta koma ɗaki ta yi kuka inda ba zan ji ba. Gaskiyar ma karɓa ce. Duk ƙofar da na bi, da wurin Salihu nake fitowa a hannuna, ko da Salihu kansa.

Na gaji. Hannuna ma ya gaji, ban saba dogon rubutu ba.

Ga ta can tana buga katanga da muciya, haka take kirana. "Mero? Kina ciki kuwa?"

Ina ciki. Na yi shiru kamar ba na nan, ni da ban taɓa yi mata haka ba.

Ku da za ku karanta wannan, ku da ba ku shayar da kowa a cikinsu ba — don Allah, in na leƙa, me zan ce mata?